Girebar da Ke Ƙarƙashin Ƙwarya

Ƙamshi ne ya fara kamo ni. Ina zaune a mota a ƙofar gidan da nake wa tuƙi a Al Gharrafa, ina jiran yaran gidan su gama shiriritarsu su fito, na sauke gilashi saboda watannin sanyi ne, ɗan lokacin nan da iskar Doha kan yi wa mutum sallama kafin ta taɓa shi. Sai wani ƙamshi ya biyo iskar daga tagar kicin. Mai girkin gidan ce ta ɗora dibis a wuta, wato maɗin dabino da Larabawa ke zuba wa kusan komai. Ba namu ba ne, na san ba namu ba ne, amma ɗan'uwan namu ne na kusa. Na lumshe ido don in rarrabe tsakaninsu. Kafin in ankara titin ya narke, farin gidan da itatuwan dabinonsa sun ja da baya, ga ni tsaye a fadamar babanmu a wani ƙauye gefen Maƙarfi, ƙafata ko takalmi babu.

A can, in an sare rake, doki ne ke aikin. A ɗaura shi a jikin wani dogon itace, ya yi ta zagaya injin matsa tun hantsi, kansa a sunkuye kamar mai neman abin da ya yar, ruwan rake na tsiyaya cikin daro, kore-kore. Daga nan sai babban kasko. A hura wuta da busasshen ɓawon raken jiya, a yi ta kwashe kumfa, ruwan ya yi ta sauya kama, daga kore zuwa ruwan zuma, daga ruwan zuma zuwa jan da ke neman baƙi. Tururi kan rufe wurin har mutane su koma inuwoyi, ka ji muryar babanmu ba ka ga bakinsa ba. In ya kai, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare ya zama mazarƙwaila. Amma kafin ya kai, akwai wani ɗan lokaci da yake maɗi, mai kauri, yana bin ludayi a hankali. A daidai wannan lokacin Inna kan aiko da kwanonta.

Da shi take yin gireba. Ba farar girebar sukari da ake jerawa cikin kayan gara ba, wadda in ka gatsa take watse maka a baki. Tata baƙa-baƙa ce, launin ƙasar fadama bayan ruwa, gefenta da ƙarfi, tsakiyarta da taushi, samanta a tsattsage. Garin alkama, man gyaɗa, citta, kanumfari, ɗan ruwan kanwa a tafin hannu, sai maɗin. Ba ta da ma'auni in ban da idonta. Obin kuwa ko sunansa ba mu sani ba. Yashi take zubawa a gindin wata tsohuwar tukunya, ta ɗora faranti, ta rufe da murfi, ta kwaso garwashi ta jera a kan murfin. Takan ce wa masu taya ta, wutar sama ce uwa, ta ƙasa 'yar rakiya ce. Ranar da take gashi ƙamshin kan kai har masallaci, har akan zargi liman da gajarta addu'a.

Na ce takan ce wa masu taya ta, don ni ba ta taɓa ce mini komai ba. Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi, wanda bai sani ba kuwa zai ɗauka ƙiyayya ce. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta goya shi a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Da aka yaye ni ɗakin kakata aka kai ni, a can na girma, ina hango ƙofar Inna daga ɗaya gefen tsakar gida. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi turmi ta ce, “Ku ce wa wancan randa ta ƙafe,” ko da ina tsaye a gabanta, ko da babu kowa a gidan sai ni da kaji. In na shigo ta kawar da kai. In na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Da ina yaro abin na ba ni haushi ƙwarai. Ƙannena na hawa cinyarta, autarmu har wasa take da kunnenta, ni kuwa wancan. Wata ranar gashi na kai ƙara wajen kakata, na ce ni dai a faɗa mini gaskiya ko tsinto ni aka yi. Ta yi dariya har da ƙwalla.

“Ja'iri,” ta ce. “Ka taɓa ɗaga ƙwaryar da ke kife a bayan randa?”

Na je na ɗaga. Gireba ce guda ɗaya, ta fi sauran girma, an danna mata babban yatsa a tsakiya har zanen yatsan ya fito. Da zafinta, yanzu aka sauke. Na cafke ta na kai baki, ta ƙone mini harshe, na yi ta tsalle ina hura iska, ina juya ta daga wannan hannu zuwa wancan, ban kuma yarda na ajiye ba. Daga wajen murhu na ji Inna tana gaya wa garwashi, “Ku ce wa wancan ya bari ta huce.”

Tun daga ranar, duk gashin da za ta yi akwai tawa a ƙarƙashin ƙwarya, kuma ban taɓa barin ta ta huce ba. Ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba, ban taɓa cewa na gode ba. Haka muka yi zamanmu shekara da shekaru, muna fahimtar juna sarai. Ranar da zan taho Qatar, ga ni magidanci da gemu da 'ya'ya, ko zaure ba ta raka ni ba. Ta zauna tana tsince shinkafa, ta ce wa tire, “Allah ya kiyaye hanya.” Sai da na sauka na buɗe jaka na tarar da ƙullin leda a can ƙarƙashin kayana, ya maiƙe mini riga ɗaya.

Bugun gilashi ne ya dawo da ni. Yaran gidan sun fito, suna ta “Yalla, yalla,” wai in yi sauri, na tayar da mota muka tafi. Amma duk yinin ranar ina tuƙi ne da rabin hankali, rabin yana bin doki.

Akwai dalilin da ya sa ƙamshin ya kama ni da ƙarfi haka. A lokacin mantuwar tsufa ta fara cin Inna. Auta, wadda ke jinyarta a gida, ita ke ba ni labari. Yau ta zuba gishiri a koko. Gobe ta ce a kai wa babanmu abinci fadama, mutumin da ya daɗe da rasuwa, fadamar ma an daɗe da rabawa. Kowace Juma'a nakan kira su ta bidiyo. Yadda muka saba, Auta ta riƙe waya, Inna ta ba wayar kafaɗa, ba na ganin komai sai kunnenta da gefen ɗankwali. Ta ce, “Ki tambaye shi ko suna samun tuwo a can.” Auta ta tambaye ni, alhali duk mun ji, in amsa, Auta ta maimaita mata. Kuɗin waya na tafiya a wannan zagayen, amma ni daɗinsa nake ji.

Sai wata Juma'a, da Auta ta ɗaga wayar, Inna ta juyo. Ta dube ni ido cikin ido, ta yi murmushi. Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata gaba ɗaya tana fuskantata ba. Ashe tana da ɗan tabo a ƙasan leɓe. Ashe idanunta irin nawa ne.

“Sannu, Malam,” ta ce. “Daga ina?”

Na ce daga nesa.

“Allah sarki. An sha hanya. Yaya sunan Malam?”

Na faɗa mata. Ta maimaita shi a hankali, ta sake maimaitawa, kamar mai ɗanɗana miya.

“Suna mai kyau. Allah ya yi albarka. Auta, ba za ki kawo wa baƙo ruwa ba?”

Tun ina yaro nake kwaɗayin jin sunana a bakinta. Na ji shi ranar, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarsa ba. Muddin tana kawar da kai ina da uwa. Da ta dube ni sai na zama baƙo, wanda ake wa fara'a a kawo masa ruwa.

Hutuna kuwa da sauran tafiya. Na yi wa kafil magana, wato maigidan da nake wa aiki, mutumin kirki ne gwargwadon hali, ya dafa kafaɗata ya ce in sha Allahu, in an rufe makarantar yara. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san tsawon irin wannan in sha Allahun. Auta kuma ta ce abin kullum gaba yake yi. Ni ba warkewa nake nema mata ba, wannan na Allah ne. Sau ɗaya kawai nake so ta sake sanin cewa ni ne, tun da sauran wanda zai sani a cikinta.

A Al-Sadd nake kwana, a wani bene da muke haya mu da yawa, direbobi da masu gadi. Abokin ɗakina wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, yana gadi a ɗaya daga dogayen gine-ginen Mushairib. Baba muke ce masa. Su mutanen Zango, mace da namiji duk “ya” ne a bakinsu, in ka yi musu gyara su ce Hausarka ce ta cika iyayi. Shi ya same ni zaune a bakin gado da waya a hannu.

“Ƙanena, lafiya? Ka yi zugum kamar an soke maka biza.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zayyana masa komai. Ya juya shayinsa, sannan ya ce, “Tsohuwata ma haka ya yi kafin ya rasu. Ya manta kowa. Amma ka dama koko a gabanshi ba daidai ba, wallahi sai ya ƙwace ludayi ya zage ka da sunanka. Kai na mantuwa, hannu ba ya mantuwa. Me tsohuwarka ya fi iyawa?”

“Gireba.”

“To, yalla. Ka yi a gabanshi, ka ɓata da gangan. In ya zage ka, halas, shi ke nan, ya gane ka.”

“Baba, ba ta taɓa zagina ba. Ko magana ba ta yi mini.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Uwarka? Ku mutanen Najeriya da abin mamaki kuke.”

Na so in yi masa bayani, na ga zai ci lokaci, na bari. Amma shawarar ta zauna mini. Na tambayi Auta, ta ce gaskiya ne, ko shekaranjiya Inna ta karɓe muciya daga hannunta ta ce tuwon zai yi gudaji.

A kicin ɗinmu akwai murhun gas mai obin a ƙasa, wanda tun da muka shiga gidan ba wanda ya taɓa kunna shi. Ma'ajiyar leda ce da murafen da tukwanensu suka ɓata. Na kwashe, na wanke, na durƙusa ina leƙa cikinsa ina neman inda wuta ke fitowa. Gwajin farko da dibis na yi, tunda shi ke ko'ina. Ta gasu, ta yi daɗi, 'yan ɗaki suka wawushe. Ni kuwa ina gatsa na san girebar uwar wani ce.

Mai nema yana tare da samu. Wata yamma na shiga wani ɗan shagon Indiyawa a bayan layinmu sayen albasa, sai na hango wasu dunƙule-dunƙule masu ruwan ƙasa a cikin leda, a ƙasan kanta, kusa da buhunan shinkafa. Na ɗauka na shinshina ta jikin ledar. Mazarƙwaila! Mai shagon ya faɗi sunanta da yarensu, na faɗa masa namu, kowa ya gyaɗa kai yana tausayin ɗan'uwansa da bai iya faɗa daidai ba. Na fito rungume da ita ina tafiya cikin hasken shaguna da hayaniyar tasi, ina tunanin ashe a wata ƙasa can ma akwai wata dabba da ke zagaya itace, akwai tururi, akwai wata uwa mai aiko da kwano. Kanwa kuwa a jakar Baba na samu. Ɗan Zango ba ya rabuwa da ita, saboda wake da shinkafarsu.

Daga nan na shiga makarantar gireba. Nakan farfasa mazarƙwailar in zuba ɗan ruwa in ɗora a wuta har ta koma maɗi. Tururin kan rufe 'yar tagar kicin, dogayen gine-ginen da ake hangowa daga nesa su yi dishi-dishi, su yi tsaye siri-siri suna rawa kamar rake a fadama. Ƙarar esi ta koma takun doki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Sau da yawa sai ƙauri ya farkar da ni. Auta rabin aikin kawai ta sani, domin lokacin da ta yi wayo Inna ta fara rage gashi. Sauran a kaina na tono shi. Ni da ba a yarda in zauna kusa ba, daga ƙofar kakata na yi ta kallo duk yarintata, ashe idona ya ajiye komai: yadda take jira maɗi ya huce har ta iya tsoma ɗan yatsa ta bar shi a ciki, yadda take murza kanumfari da gindin ludayi, yadda ba ta cuɗa ƙullun da ƙarfi, sai dai ta tattara shi a hankali.

Obin ne ya so ya ba ni kunya. Wutarsa daga ƙasa take, duk abin da na saka gindinsa ya ƙone, samansa ɗanye. 'Yan ɗaki suka samu abin yi. “Hajiya mai gireba, yaushe za a kai garar?” “Amarya, yau ma gawayi za mu ci?” Suna tsiya suna tauna, ko ɓurɓushi ba sa bari. Rannan ina tsaye a danja na tuna maganar wutar sama da ta ƙasa, na dubi gefen titi inda ake gini, na yi dariya ni kaɗai. Ƙasar da ko me ta rasa ba ta rasa yashi ba! Na ɗebo a leda, na wanke, na shanya, na shimfiɗa a tire na saka a gindin obin. In gashi ya yi nisa sai in kashe ta ƙasa in kunna ta sama. A ranar ne gireba ta fito da tsagarta, launin ƙasar fadama. Baba ya ci ɗaya, ya miƙo hannu ya ɗauki ta biyu.

Auta ta ce da safe hankalin Inna ya fi zama wuri ɗaya, don haka muka sa Juma'a da hantsin Doha, lokacin da rana ba ta daɗe da fitowa a gida ba. Tun bayan asuba na kwaɓa ƙullu na gaskiya na rufe na ajiye gefe. Na jingina waya da gwangwanin madara. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi, wai shi ne shaida.

Ga Inna a kan tabarma a tsakar gida, rana ta sauka a kafaɗarta, randa a bayanta. Ina jin zakara, ina jin wata akuya tana kai ƙara.

“Sannu, Malam,” ta ce da fara'a. “Kai ne da girki? Namiji? Ikon Allah.”

Na ce gireba zan yi, ta maɗi.

“Madalla. Ana yin ta a garinku?”

Na fara ɓarna. Na sauke maɗi yana tafasa, na matso da shi gaban waya don ta ga tururin, na juye gari a kai nan take. Da a da ne, wanda ya yi wannan a gabanta sai ya bar mata tsakar gida. Na kwarara ruwan kanwa kamar mai wanki. Na cuɗa ƙullun da ƙarfi, ina dukansa, ina satar kallonta. Ta bi hannuna da ido. Na ga girarta ta ɗan motsa, na ga yatsunta suna murza gefen zani.

“Sannu da ƙoƙari, Malam,” ta ce. “Kowa da irin tasa.”

Ba a yi wa baƙo gyara. Wannan ne ni da Baba ba mu lissafa ba. Duk ɓarnar da zan yi, Inna ba za ta kunyata mutumin da ya sha hanya ba. Auta ta ce, “Inna, kin ga fa a kan maɗi mai zafi ya zuba,” Inna ta ce, “Ke, ba kya jin kunya? A gaban mutum?”

Na ture kwanon ɓarnar gefe. Na ji haushi, na Baba da shawararsa, na kafil da in sha Allahunsa, na wayar da ke kai fuska da murya amma ba ta kai ƙamshi, alhali ƙamshin ne kaɗai nake da shi. Na so in kashe. Amma obin ya riga ya yi zafi, ga ƙullu na gaskiya a rufe, ga ƙattai a ɗaki suna jira. Na ce wa Auta ta bar wayar kawai ta ci gaba da aikinta. Ta jingina ta da turmi ta tafi.

Daga nan ban ƙara yi don kowa ba. Na gutsura, na mulmula, na jera a tire. Kicin ya yi tsit. Ta cikin waya ina jin tsintsiyar Auta tana tafiya tana dawowa, da wata tattabara a kan katanga. Inna ta daina kallona, tana kallon iska, tana motsa baki a hankali, wataƙila da mutanen da suka riga mu take hira. Rana ɗaya ce ke kanmu, ta shigo mini ta taga ta kwanta a kan tire, ta sauka mata a kan ƙafafu. Na ji kamar babu teku babu hamada a tsakani, tsakar gida ce kawai, tana wancan gefe ina wannan, yadda muka saba. Ragowar ƙullun ya fi na guda ɗaya, bai kai na biyu ba, na dunƙule shi gaba ɗaya na danna masa babban yatsa. Na saka a obin na zauna a ƙasa na jingina da firiji.

Ƙamshin ya taso a hankali. Citta ta fara isowa, sannan kanumfari, sannan maɗin da kansa, mai nauyi, da ɗan ɗacin nan na ƙarshen kasko. Ya cika kicin, ya fita baranda, na ji ana buɗe ƙofofi a ɗakuna. Na kashe ta ƙasa na kunna ta sama. Na lumshe ido, doki ya zagayo ya wuce, ya sake zagayowa.

Da na fito da tiren na ma manta da waya. Babbar tana tsakiya, ta tsage ta ko'ina, ramin yatsan yana ƙyalli. Hannuna ne ya tafi da kansa. Na cafke ta na kai baki, ta ƙone mini harshe, na miƙe zumbur ina tsalle, ina hura iska, ina juya ta daga wannan hannu zuwa wancan, ƙato da ni, da furfura a gemu. Baba ya fashe da dariya har shayi ya zube masa. Can sai dariyar ta tsaya. Ya nuna wayar da haɓa.

Babu fuskar Inna. Kunnenta kawai nake gani da gefen ɗankwali. Ta ba wayar kafaɗa, ta ja mayafi ta gyara, ta zuba wa randa ido.

“Auta,” ta ce.

Tsintsiya ta tsaya. “Na'am, Inna.”

“Ki ce wa wancan ya bari ta huce.”

Auta ta matso a hankali ta durƙusa. “Inna, wa zan ce wa?”

Inna ta ja tsaki. “Ke ma kin sani.” Sannan ta gaya wa randa, “Hali zanen dutse.”

Baba ya dafa ni, ya rage murya. “Ya juya maka baya, ƙanena. Yi haƙuri. Mun gwada.”

Bakina cike yake, harshena na raɗaɗi, hawaye na bin gemuna, kuma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin farin ciki irin na wannan lokacin ba. Na haɗiye da ƙyar. Na durƙusa a kan tayil ɗin kicin, yadda ake durƙusawa a gida.

“Inna, ina kwana.”

“Lafiya lau,” ta amsa wa randa. “Ki tambaye shi ko suna samun tuwo a can.”

Auta ta tambaye ni tana kuka tana dariya. Na ce muna samu. Ta maimaita mata.

Na san ba zai daɗe ba, bai kuma daɗe ba. Juma'ar da ta biyo baya da fara'a ta tarbe ni, ta sa a kawo mini ruwa. Amma wannan safiyar tawa ce, ban kuma yi gaggawar komai a cikinta ba. Na duba kicin babu ƙwarya, sai wata robar da muke jiƙa garin kwaki. Na ɗora ragowar girebar a kan faranti na kife robar a kai. Na koma na zauna a ƙasa gaban gwangwanin madara, ina kallon kunnen mahaifiyata, ina jira ta huce.